Layin dogo da dajin da yake ratsawa: ƙarfen ne ke ɓarna ko abin da ke biyo bayansa?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu ilimin daji da na ƙasa ne. Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, duk gardamar da ake yi ba ta wuce kuɗi da siyasa ba: wa zai biya bashin, me ya sa za a kai shi Nijar, wane gari ne zai samu tasha. Tafiyar kusan kilomita 284 ce, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ba na jin ana tambayar abin da zai samu itatuwa da ciyayi da ita kanta ƙasar da zai bi ta kai. Ni dai a raina ina ganin jirgi ya fi tirela sauƙin ɓarna, amma gara a ji daga bakin waɗanda suka sani.

Injiniya Na Rigasa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Zuciyarki ba ta yi miki ƙarya ba. Jirgin kaya ɗaya yana ɗaukar abin da sai an jera tireloli da yawa kafin su kwashe. Sannan mota duk inda direba ya ga dama zai tsaya, shi ya sa hanyar kwalta take tara mutane tun daga farkonta har ƙarshe: mai shayi, mai faci, mai sayar da itace da gawayi a bakin titi. Jirgi kuwa sai tasha. Daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna kilomita 186 ne, an buɗe layin a watan Yulin 2016, tashoshin da ke tsakani ana iya ƙirga su da yatsu. Ki kwatanta da hanyar motar Abuja zuwa Kaduna, ki duba buhunan gawayin da ke jere a gefenta. Siririn fili kawai dogo yake ci.

Tsohon Malamin Daji:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Maganarka gaskiya ce, sai dai rabinta ka faɗa. Kai kana auna faɗin filin da ƙarfe ya kwanta a kai, mu kuma aikinmu ya koya mana mu duba abin da ƙarfen ya jawo.

Lokacin da jirgi ya iso Kano a 1911, itatuwa nawa aka sare don a shimfiɗa layin? Ba su taka kara sun karya ba. Amma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta yi kuɗi, saboda an samu hanyar kai ta bakin teku da arha. Manomi ya ga riba, ya faɗaɗa gona. Saurar da a da ake bari ta huta shekaru, har sabara da kalgo su rufe ta, ƙasa ta dawo da ƙarfinta, aka koma nomanta kowace damina. Da layi ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, haka abin ya bi su. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita a hoto, daji ne aka mayar gona aka zuba a buhu. Ban ce laifi ba ne, mutane sun ci abinci da ita, sun yi aure, sun je Makka. Ina nuna maka ne cewa hannun dogo ya fi filinsa tsawo nesa ba kusa ba.

A Indiya ma abin ya fi fitowa fili. Sun fara jirgin fasinja a 1853, kuma da katako suke shimfiɗa ƙarƙashin dogon, kowane mil yana cin gungume kusan dubu biyu, bayan 'yan shekaru ya ruɓe a sake. Sai da dazuzzuka suka fara ƙarewa Turawa suka farga, suka naɗa wani Bajamushe, Dietrich Brandis, shugaban gandun daji a 1864, suka yi dokar daji a 1865. Wato aikin da na yi har na yi ritaya, tushensa tsoron kada jirgi ya rasa katako ne, ba son tsuntsaye ba.

Jikan Ɗan Reluwe:
Baba, mu gara ce ta cece mu a nan. Tsohon layinmu da yawansa ƙarfe aka sa a ƙarƙashi maimakon katako, duk wanda ya taso a Kafanchan ko Sabon Garin Zariya ya san su, har shinge mutane ke yi da tsofaffin. Kuma kwal ɗin Inugu ne ya riƙe injinan, ba itace ba. A Kenya ne aka daɗe ana ƙona itace a jirgi, har aka dasa gonakin itacen turare domin hakan.

Tsohon Malamin Daji:
Haka ne ɗana. Sabon layin ma na siminti ne. Wannan ƙofar ta rufu, saura sauran.

Malama Mai Nazarin Ƙasa:
Bari in shigo ta ɓangaren da na fi sani. Mutane idan an ce jirgi yana lalata ƙasa, hankalinsu sai ya tafi ga hayaƙi da mai. Ni kuma abin da ya fi damuna yana faruwa ne kafin jirgin farko ya taka layin.

Ƙasarmu ta Arewa duk arzikinta a sama yake, kamu ɗaya ko biyu. A nan ruɓaɓɓen ganye yake, a nan ƙwayoyin irin ciyayi suke kwance suna jiran ruwa, a nan ƙananan halittun da ke taimaka wa saiwa shan abinci suke. Kuma yawancin itatuwan dajinmu ba daga iri suke dawowa ba, daga kututture da saiwa suke tohowa. Doka haka take, kalgo da sabara haka suke. Mai gatari ya sare, ya tafi, bayan damina biyu ka ga toho. Katafila kuwa tana kankare ƙasar saman ne gaba ɗaya, da irin, da kututturen, da saiwar. Abin da ke ƙasa sau da yawa marmara ce, wadda idan ta sha rana da ruwa sai ta daskare ta zama kamar dutse. Manyan motoci kuma su bi ta kai su danne, ruwa ya kasa shiga. Irin wannan wurin sai ka dawo bayan shekara ashirin ka tarar da tumfafiya da ƙarangiya kawai.

Kuma ba layin kaɗai ake kankarewa ba. Jirgi ba ya son hawa da gangara, dole a yanke tudu a cike kwari. Ƙasar cikon daga ina za ta fito? Daga ramukan da ake haƙawa a gefe, wani lokacin a can cikin daji, kowanne da hanyar tifa da aka fasa zuwa gare shi. Tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin dogo kuma dutse ake fasawa. Duwatsun nan da muke gani kamar ba komai a kansu, suna da tsirrai nasu na musamman da ke rayuwa a cikin tsaguna da 'yar ƙasar da ta taru a kwarmi, waɗanda ba za ka same su a fili ba. Idan za a yi lissafin filin da dogo ya ci, a haɗa da ramuka da hanyoyin tifa da wurin fasa dutse da sansanin ma'aikata.

Injiniya Na Rigasa:
Malama, a takardar kwangila akwai wannan duka. Ana rubuta cewa a tara ƙasar sama a gefe, in an gama a mayar, a gyara bakin rami ya zama gangare, a dasa ciyawa. Ba sabon ilimi ba ne a wajenmu.

Malama Mai Nazarin Ƙasa:
Na san yana takarda, Injiniya. Ka taɓa ganin an riƙe kuɗin ɗan kwangila saboda bai mayar da ƙasar sama ba? Ko an tara ta ma, in aka yi mata tulin da ya wuce misali aka bar ta shekara biyu ko uku, cikin tulin ba iska, irin da halittun sun mutu. Sai a mayar da gawa.

Ɗan Ruga:
Ku bar ni da maganar ramuka. A wajenmu an yi wani aiki, ba zan kira suna ba, aka bar mana rami ya fi gida zurfi. Gaskiya da rani muna shayar da shanu a ciki, ba zan ɓoye ba. Amma bakinsa a tsaye yake, mun yi asarar maraƙi, kuma tunda duk shanun yankin suka koma sha a wuri ɗaya, kewayen ya zama fako, ko gamba ɗaya babu. Abin da ya fi min ciwo shi ne burtali. In aka tare burtali da ciko ko waya, ba a bar mashiga ba, shanu dole su zagaya, su taru a inda suka samu kafa. Nan ne ƙasa ke mutuwa, nan ne kuma faɗa da manomi yake tashi.

Sarkin Barkwanci:
To ku dai ku yanke shawara, mu koma kan jaki ne ko a'a? In sanar da matafiya.

Maman Hanif:
Kai dai ba ka rabo da abin dariya. Malama, maganar mai da gubar ƙarfe fa? Na ga mutane suna noman alayyafo da latas a gefen layi cikin gari.

Malama Mai Nazarin Ƙasa:
Akwai, amma a sa shi a ma'auninsa. Gogayyar taya da dogo da birki tana zubar da garin baƙin ƙarfe da tagulla da wasu ƙarafan. Ga giris da baƙin mai da ke ɗiga. Inda aka yi amfani da katako, ana jiƙa shi da wani baƙin magani mai warin kwalta don kada ya ruɓe, shi ma yana tsiyaya cikin ƙasa. Binciken da aka yi a Turai da Sin kusan bakinsu ɗaya: gurɓatar ta fi yawa daf da layi, tana raguwa da sauri in ka matsa, kuma ta fi taruwa a inda jirage ke tsayawa, ake juya taragu, ake wanki da gyara.

Sai dai su layukansu jirgi ne bayan jirgi dare da rana, da yawa kuma na lantarki ne, wayar sama tana zubar da tagulla. Namu na dizal ne, kuma a yini sau nawa yake wucewa? Don haka a tsakiyar daji ba wannan ne babban abin tsoro ba. Inda zan sa ido shi ne tsofaffin wuraren gyaran injina irin na Zariya da Kafanchan da Minna, inda aka yi shekaru ana zubar da tokar kwal da mai. Ganye irin su alayyafo da latas suna saurin jan ƙarafa daga ƙasa. Ban ce a tayar da hankali ba, wannan ba irin gubar dalmar Zamfara ta 2010 ba ce, ko kusa. Amma mai lambu a irin wannan wurin ya kamata a gwada masa ƙasarsa.

Akwai kuma maganin kashe ciyawa. Dogo ba ya son ciyawa a cikin tsakuwarsa, domin tana riƙe ruwa. A Jamus da Faransa, kamfanonin jirgin ƙasa ne suka fi kowa sayen gilifoset in ana maganar mai saye guda, har surutun jama'a ya sa kamfanin Faransa ya daina a ƙarshen 2021, na Jamus a 2023. Maganin nan shi ne manomanmu ke fesawa kafin shuka, don haka mu ba jirgi ne zai koya mana shi ba.

Ɗalibi a Ingila:
Salamu alaikum manya. Akwai wani ɓangaren da ba a taɓo ba, wato dogo a matsayin hanyar baƙin tsirrai. Misalin da ake koyarwa a nan shi ne wata ciyawa mai rawayan fure, asalinta daga dutsen Etna na Sisili a Italiya, inda take fitowa a kan tsakuwar aman wuta. An kawo ta lambun jami'ar Oksfod, ta tsallake ta hau katangun garin, ta daɗe a nan ba ta je ko'ina ba. Da jirgi ya iso garin a 1844, sai ta tarar da tsakuwa da tokar kwal a ƙarƙashin dogo, daidai irin wurin da ta baro. Irinta mai gashi ne, iskar jirgi tana kwasarsa, wani ya shiga tarago ya sauka a gaba. Yau kusan duk faɗin ƙasar akwai ta.

Abin lura shi ne dogo yana ba baƙuwar ciyawa abu biyu a lokaci ɗaya: fili buɗaɗɗe da ba mai gasa da ita, da abin hawa.

Tsohon Malamin Daji:
Madalla da ɗan makaranta. Mu ma muna da namu, ko da yake ba zan ɗora wa jirgi shi kaɗai ba. Kashin yawo asalinsa daga nahiyar Amurka ne, yana maƙale wa buhu da gashin dabba da ƙafar wando. A Kudu akwai ciyawar da suke kira Awolowo, 'yan Gana kuma Acampon, ita ma daga Amurka, duk inda aka buɗe daji ta riga kowa, ta rufe ƙasa, ƙananan itatuwa su kasa tashi. Tana son laima, ba za ta yi ƙarfi a Daura ba, amma Kudancin Kaduna da Neja ba su fi ƙarfinta ba. Tifar da ta kwaso ƙasa daga wani wuri, da katafilar da ba a wanke ba aka ɗauko ta daga wani aikin, sun fi jirgin kansa yaɗa irin waɗannan.

Kuma in faɗi wadda za ta ɓata wa wasu rai: dalbejiya. Daga Indiya take. An dasa ta a tashoshi da bariki da bakin hanya don inuwa, ta kuma yi aikinta. Amma jemage da tsuntsu suna cin 'ya'yanta su kai cikin daji, ta tsiro a gindin kanya ko tsamiya, a hankali ta shaƙe su.

Jikan Ɗan Reluwe:
A'a Baba, a nan kam ban bi ka ba. In ba don dalbejiya da mangwaron da 'yan reluwe suka dasa ba, wasu garuruwan da ba su da inuwar zama. Ka je tsofaffin kwatas ɗin reluwe ka ga maɗatai, mutum biyu ba sa rungume ɗaya. A garuruwa da yawa su ne manyan itatuwan da suka rage, saboda filin na hukuma ne ba wanda ya isa ya sare.

Ɗalibi a Ingila:
Yaya ya taɓo abu mai muhimmanci. A Amurka, jihohi irin su Ilinoi da Ayowa asalinsu filin dogayen ciyayi ne, aka nome shi kusan kaf. Yau masu neman ciyayin asali, cikin wuraren da suke samunsu akwai gefen tsofaffin layukan dogo da tsofaffin maƙabartu, saboda an killace su kafin garma ta iso. Har iri ake ɗiba a can a je a farfaɗo da wasu wuraren. Dogon da ya kawo manoman shi ne kuma ya ɓoye ragowar abin da suka nome.

Malama Mai Nazarin Ƙasa:
Wannan yana yiwuwa ne in an bar filin. Namu masara ake shukawa har gindin tsakuwa, a cikin gari kuma kasuwa ake ci a kai. Amma ina ganin a ƙasar Kano da Katsina, inda kusan ba sauran saura, filin gefen sabon layi zai iya zama mafakar gamba da kyasuwa da sabara da magarya, in hukuma ta so. Ba kuɗi yake buƙata ba, hana noma da hana feshi ne kawai, a bar mutane su yanki ciyawa da kaka.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa. Ina ta karantawa, ina so in ce a wajenmu kalmar daji za ta iya ruɗar da ku. Muna da dajin Baban Rafi a yankin Madarunfa, amma yawancin itatuwanmu a cikin gonaki suke. Tun shekarun 1980 manoma suka kama sassabin zamani, wato in kana sharar gona ba ka tumɓuke tohon kututture, ka zaɓi mai ƙarfi ka gyara shi ya zama itace. A haka aka dawo da itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da gandun gwamnati ba. Gawo da kalgo da aduwa da ke gonar mutum, shi ya raine su shekara da shekaru. Gawo kuwa kun san shi, da damina yake zubar da ganye, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani ya ba dabba abinci. In layi ya bi ta gona aka biya diyyar fili da amfanin shekara ɗaya, gawon da ya shekara talatin fa, nawa ne kuɗinsa?

Sannan maganar Malama cewa ɓarnar tana riga jirgi zuwa, mu shaida ne. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, aka yi bikinsa a farkon 2016, bai yi jigilar da aka gina shi dominta ba. Amma filin an riga an share, cikon an riga an yi. Ga kuma garmani, da ya riga ya cinye mana makiyaya, dabba ba ta damu da shi ba, kuma ba abin da yake so irin ƙasar da aka tattake.

Na Ngaundere:
Mu a Kamaru layinmu ya iso Ngaundere a 1974, kuma ya ratsa kurmi na gaske kafin ya hau tudun Adamawa. Garin Belabo da ke kan layin ya zama matattarar gungume. Abin da tsofaffi ke faɗa shi ne wuraren da a da sai maharbi ya yi kwanaki a ƙafa, jirgi ya mayar da su kusa da kasuwar Yawunde, naman daji da katako suka samu hanya. A kurmi tsaga layi ba wasa ba ne, domin rana da iska suna shiga inda ba su taɓa shiga ba.

Tsohon Malamin Daji:
Yawwa, nan ne ya kamata a rarrabe. A kurmin Amazon, kusa da birnin Manawus na Brazil, tun 1979 ake bibiyar abin da ke faruwa in an yanka kurmi gunduwa-gunduwa. Sun ga manyan itatuwan bakin yanka suna mutuwa fiye da na ciki, abin ya fi tsanani a mita 100 na farko, ana jin tasirinsa har wajen mita 300. Itacen kurmi a inuwa da laima ya girma, bai san zafin iska ba. To kada wani ya kwaso wannan lissafin ya ɗora wa dajin doka da maje na Kaduna. Namu dama a buɗe yake, ya saba da rana, ɓawonsa mai kauri ne.

Mu abin da ke sauya dajinmu wuta ce da ruwa. A Olokemeji, tsakanin Abekuta da Ibadan, a gefen tsohon layin dogo ma yake, an fara wani gwaji a 1929: fili uku, ɗaya a ƙone shi da farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya a hana shi wuta. Wanda aka hana wuta ya koma kurmi. Na ƙarshen rani itatuwansa suka yi ta raguwa, ciyawa ta mamaye. Na farkon rani ya tsaya a tsakiya. Zamanin injin kwal tartsatsi kan tayar da gobara a gefen layi. Yanzu babu wannan, amma duk inda hanya ta shiga, mai farautar gafiya da mai gawayi da ashanarsu sun shiga, kuma ba sa duba wane wata ake ciki.

Injiniya Na Rigasa:
Baba, ai layin kansa yana tare wuta. Tsakuwa ba ta ci.

Tsohon Malamin Daji:
Yana tare ƙaramar wuta. Ta watan Maris da iska a bayanta, tsallake shi take yi. Ka ba mu amsa a kan ruwa, nan ne fagenka.

Injiniya Na Rigasa:
To, a nan ba zan yi musu ba, domin mu ma ruwa ne babban abokin gabarmu. Ciko in ya yi tsawo ya zama madatsa. Ruwan da a da yake malala a faɗin fili, yanzu sai ya taru ya bi ta kwalbati. Ta sama ruwa ya kwanta, itatuwan da ba sa son jiƙa irin su ƙirya saiwarsu ta ruɓe. Ta ƙasa kuma, fadamar da ke shan malalar ta bushe, in ban da bakin kwalbatin inda ruwa ke fita da ƙarfi ya fara cin ƙasa. A ƙasa mai rairayi irin ta Katsina da Daura, damina kaɗan ta isa ya zama kwazazzabo. Maganinsa sananne ne: a yawaita kwalbatoci maimakon a tara ruwa a guda, a shimfiɗa duwatsu a bakin fita don a karya ƙarfinsa, a fadama kuma a yi gada maimakon ciko. A Kenya, layin Mombasa zuwa Nairobi da aka buɗe a 2017, an ɗaga shi a kan ginshiƙai a wasu wurare cikin gandun Tsabo don giwaye su wuce ta ƙasa. Duk wannan kuɗi ne, kuma in aka zo rage kuɗin aiki, irin waɗannan ake fara tsinkewa, saboda ranar buɗe layi ba wanda zai leƙa ƙarƙashin kwalbati.

Amma har yanzu ina kan bakana, in dai za a yi jigilar kayan nan ko ta wane hali, gara dogo da ƙarin tireloli.

Malama Mai Nazarin Ƙasa:
Ba wanda ya ce kada a yi dogo, Injiniya. Sai dai fa ka lura, kowane layi yana tafe da hanyar motar masu gyara a gefensa. Jirginka ba ya tsayawa, amma babur ɗin mai gawayi yana bin wannan hanyar, ƙirya kuma ita ya fi nema. Hujjarka ta farko a nan take yoyo.

Ɗan Ruga:
To wa ake kai wa kuka tun kafin a zo da katafila? Mu sai dai mu wayi gari mu ga tuta.

Tsohon Malamin Daji:
Doka tana nan. Tun 1992 Najeriya ke da dokar da ta wajabta a yi nazarin tasirin babban aiki a kan muhalli kafin a fara, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke amincewa, ana kuma baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi ƙorafi. Matsalar, littafi ne jibgege da Turanci a ajiye a sakatariya. Wanda ya san inda burtali yake, da inda ruwa ke bi, da kukar da ake shan miyarta, ba ya karanta shi. Ku da kuke da boko kuma kuke da 'yan uwa a ƙauye, nan ne amfaninku. Ku nemi abu takamaimai: mashigar shanu a wuri kaza, kwalbati a wuri kaza, a gyara bakin rami kafin a kwashe injina. Kuma in an zo dashen madadin abin da aka sare, kada ku yarda a jera muku turare a ce an biya. Turare ba ya maye gurbin ɗorawa da kaɗanya, ba kalwa ba man kaɗe, ƙarƙashinsa ma ciyawa da ƙyar take fita.

Maman Hanif:
Allah ya saka, Baba. Malama, ƙanina yana da lambu kusa da tsohon layi. In yana son a gwada ƙasar, yaya zai yi?

Malama Mai Nazarin Ƙasa:
Ya ɗebi ƙasar sama, zurfin kamu ɗaya, daga wuri biyar ko shida a sashen da ya fi kusa da layin, ya gauraya su a roba mai tsabta, ya cika leda ɗaya. Ya sake yin haka a sashen da ya fi nisa, a wata ledar daban, ya rubuta a jikin kowacce. Kada ya yi amfani da gwangwani ko shebur mai tsatsa. Ya shanya a inuwa, sannan ya kai sashen nazarin ƙasa na jami'a, akwai a Samaru, akwai a Bayero. Ya gaya musu ƙarafa irin su dalma da kadmiyom da tagulla yake so a duba, ba ƙarfin taki ba, domin gwajin daban ne kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. In da rijiya ko kududdufi yake ban ruwa, ya haɗa da ruwan a gora.